Gurbin 'Yan Tsallake

A garinmu akwai kalmar da ba a faɗa. Ba ashar ba ce, kuma tana nan cikin littattafai, malamai suna bi ta kanta a darasin fiƙihu ba tare da sun rage murya ba. Amma da zarar an rufe littafi, ba mai ɗaukarta ya ɗora wa mutum mai rai. Tun ina yaro nake mamakin wannan, kamar yadda nake mamakin abubuwa da yawa da ba su dami kowa ba: me ya sa jemagu suke barin tsamiyar masallaci su koma ta makabarta in kaka ta yi, me ya sa kazar da ta ƙyanƙyashe ƙwan zabo take tsayawa tana kallon 'ya'yan kamar an yi mata musanya a kasuwa. Irin wannan kallon ne ya fitar da ni daga firamare a aji huɗu. Malaminmu ya ce idona yana wajen taga fiye da allo, mahaifina ya ce to ai gona duk taga ce.

Garin yana tsakanin Gazara da Makarfi, rafi ya raba shi biyu. Wannan gefen shi ne cikin gari, inda masallacin Juma'a yake, da firamare, da gidajen malamai, da fadamar rake. Wancan gefen muna ce masa Tsallake. A da sunansa Rinji, domin nan kakannin masu gari suka zaunar da bayin da ke yi musu noma. Ga shi na rubuta kalmar, kuma hannuna bai bushe ba. Yau duk Hausa ɗaya muke yi, sahu ɗaya muke tsayawa, ana suna tare, ana jana'iza tare. Sai dai in ɗan Tsallake ya nemi 'yar cikin gari, wata tsohuwa za ta yi gyaran murya ta ce a dai ƙara bincike, shi ke nan maganar ta mutu, ba wanda ya faɗi komai.

Muna da al'adar da nake alfahari da ita. In lokacin mazarƙwaila ya zo, kowane injin matse rake yana ba ƙungiyar gari aikin yini guda, muna ce masa ranar gari. Abin da aka samu, da shi ake ɗaukar nauyin karatun yaro ɗaya duk shekara, cikin waɗanda suka gama sakandare a shekarar, wanda ya fi kowa maki. Saran raken da dakonsa da tsayuwa a bakin wuta, yawanci mutanen Tsallake ne. Amma tun da aka fara, ɗan Tsallake bai taɓa samun gurbin ba. Ba wanda ya hana su. Rafin ne ba shi da gada, in damina ta nutsa yaran can sukan yi watanni ba su taka aji ba, sai masu ƙarfin hali da ke ɗora riga da littafi a ka su shiga ruwa.

Radiyya 'yar Sada tana cikin masu ƙarfin halin. Sada shi ne mai tsaron wuta a injin Alhaji Usmanu, shugaban ƙungiya. Mutum ne dogo, mai tsabta, ba ya zuwa bakin kasko sai da hula a kansa, ko da gumi yana tsiyaya daga gemunsa. 'Yarsa tun tana ƙarama take bin Saudatu, tsohuwar ungozomar Tsallake, tana riƙe mata kwano. Ni da ita mun saba ne a kan wata akuya tawa da ta haifi ɗa mai ƙafa biyar. Mutane suna zuwa su tofa addu'a su wuce da sauri, ita kuwa ta tsuguna ta dinga lalubar ƙafar tana neman inda ta tsiro. Daga ranar na san ni da yarinyar nan cutarmu ɗaya, sai dai tata tana da amfani. Abin da take so shi ne ta je kwalejin lafiya ta karanta aikin ungozoma, ta dawo Tsallake, inda mace in naƙuda ta zo mata da gardama cikin damina sai dai a ɗora ta a ƙofa a ratsa ruwa da ita.

Da sakamako ya fito, ita ce ta biyu. Na farko Zakiyyu ne, maraya daga cikin gari, uwarsa tana tuya awara a bakin firamare. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai a ambata ba, amma tazara ce. Sada ba shi da halin kai ta da kansa, kowa ya san haka. In ba gurbin gari ba, ba karatu.

Abdulrahman, sakataren ƙungiya, mai kemis a Makarfi, shi ya kawo magana a taron da muke yi ƙarƙashin durumin firamare ranar Juma'a bayan la'asar. Ni ina zama ne a matsayin dattijo, wato ana ba ni benci mai jingina, ba a cika tambayata ba. Ya ce yana ganin lokaci ya yi da za a dinga keɓe gurbin wa mutanen Tsallake shekara ɗaya, a bar shi ga kowa shekara ɗaya, kuma a fara daga bana. Ya ce yarinyar da ta rasa watanni a kowace shekara ta zo ta biyu, in an auna da gaskiya ita ce ta ɗaya. Mutane suka yi ta gyaɗa kai. Sada yana can ƙarshen tabarma tare da mutanensu, kansa a sunkuye, amma na ga yatsunsa suna wasa da carbi da sauri. Na ɗauka an gama.

Sai Mu'awiyya ya ɗaga hannu. Malamin sakandare ne a Kudan, shi ya koyar da yaran biyu lissafi a darasin hutu, bai karɓi ko sisi ba. Ya yi doguwar gaisuwa, ya ce shi ba ya ƙin Radiyya, ɗalibarsa ce. Amma abin da ake shirin yi yana da suna, kuma ya kamata a kira shi da sunansa kafin a ɗaga hannu a kansa.

"Wariya ce," in ji shi. "Ka duba yaro ka ce ba za a ba shi abin da ya ci da guminsa ba saboda gidan da aka haife shi. Abin da Turawa suka yi wa baƙaƙe ke nan, muka yi ta la'antarsu a rediyo. Wariyar launin fata."

Na waiwaya na dubi Sada, na dubi Mu'awiyya. Sada ya fi shi haske nesa ba kusa ba. Na so in faɗi haka, sai na tuna da bencina mai jingina.

Abdulrahman ya ce wannan ba wariya ba ce, gyara ne. Mu'awiyya ya ce ko ɓarawo in ya shiga gida ya ce gyara ya zo yi, sunan aikinsa bai canza ba. Abdulrahman ya ce wariya ita ce a danne na ƙasa, wannan kuwa ɗaga shi ake yi. Mu'awiyya ya tambaye shi a kan wuyan wa za a taka a ɗaga, in ba wuyan ɗan mai awara ba. Magariba ta riske mu a haka, aka ɗaga zama.

Daga nan garin ya samu abin yi. A wajen mai shayi, a bakin inji, a majalisar 'yan acaɓa, ba a maganar Radiyya ko Zakiyyu, ana maganar suna. Masu bin Mu'awiyya suna kiran su Abdulrahman 'yan wariya. Su kuma suka ce ai waɗancan ne 'yan wariya na asali, masu son a bar ruwa yana yi musu aikin da suke jin kunyar yi da hannu. Wani ya ce a kira shi sadaka a huta, aka ce sadaka ba a yinta da haƙƙin maraya. Wani ya ce diyya, nan take aka yi masa ca, don diyya tana tambayar laifin wa. Wani yaro da ya yi shekara guda a Kaduna ya kawo wata kalmar Turanci mai tsawo, aka yi kwana biyu ana juya ta a baki, aka gaji aka yar. Na lura duk wanda ya riga ya samo sunan da ya gamsar da shi, sai ya daina sauraro, ya jingina da bango kamar wanda ya gama cin abinci.

Matata Kulu ta tambaye ni wai me ake ta ja haka. Na yi mata bayani iyakar fahimtata. Ta ce ita dai ta san in an daɗe ana juya tuwo a kan wuta ƙonewa yake yi, ta ci gaba da tankaɗenta.

A Juma'ar da ta biyo, Abdulrahman ya zo da shiri. Ya bari Mu'awiyya ya gama, sannan ya ce, "Malam, in tambaye ka. Da ka shiga jami'a, makinka ya kai na yaran Kudu da aka mayar gida? Lokacin wane suna ka sa wa abin?"

Aka yi dariya, wasu har da tafi. Mu'awiyya bai yi fushi ba. Ya jira dariyar ta lafa, ya ce bai kai ba, da kason Arewa ya shiga, kuma wariya ce ita ma. Ya ce a can inda ya yi hidimar ƙasa, duk lokacin da ya buɗe baki a ɗakin malamai, yana ganin yadda suke kallon juna. Ko ya warware lissafin da ya gagare su, sai wani ya dafa kafaɗarsa ya ce ashe dai a cikinsu ma akan samu. Har yau, in ji shi, bai san ko da zai iya da kansa ba, kuma ba zai taɓa sani ba. Wannan ne ba ya so a rataya wa Radiyya. Abdulrahman ya ce amma ga ka nan da albashinka kana ba mu labarin ciwon, ita kuwa za ta ba da nata labarin ne daga bakin murhu. Ni a raina na ga duka biyun sun faɗi gaskiya, kuma gaskiyar kowa ba ta taɓa ta ɗan'uwansa ba, kamar masu sallama daga gaɓa biyu.

'Yan mata ba sa zuwa taro, don haka Radiyya takan biyo ta gidana ranar Asabar da hantsi, in ta kawo wa Kulu kuka ko daddawa. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi ƙafata, ta tambayi awakina ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Baba, ina aka kwana?"

Na ce an kwana a kan suna.

"Sunana?"

"A'a, sunan abin."

Ta yi 'yar dariya. Ta ce a Tsallake in jariri ya zo da ƙafa, Saudatu ba ta tsayawa raɗa masa suna, fito da shi take yi tukuna. Ta ce ita su kira shi wariya, su kira shi bara, su kira shi duk abin da bakinsu ya iya, su dai gama kafin kwalejin ta rufe ɗauka. Sai ta tambaye ni ko Zakiyyu ya san ba ta ƙin sa. Na ce zan gaya masa.

Taron ƙarshe an cika fiye da kullum. Mutanen Tsallake sun zo da yawa, sun yi wanka sun sa fararen kaya. Alhaji Usmanu ya ce yau ba za a tashi ba sai an yanke, in ya so a ƙirga hannu. Kuma da an ƙirga a lokacin, na tabbata Radiyya ta samu, don mutane sun gaji, kuma yawancinsu suna jin nauyin Sada.

Mu'awiyya ya ce ya yarda a ƙirga, amma doka ce za a yi wadda za ta wuce bana, sai a faɗi ko su wane ne za a keɓe wa. Abdulrahman ya ce mutanen Tsallake mana. Mu'awiyya ya ce to Alhaji Sama'ila ya gina gidan gona a Tsallake, can iyalinsa suke, 'ya'yansa suna makarantar kuɗi a Zariya, su ma sun shiga ke nan. Aka ce a'a, ban da su. Ya ce kuma akwai gidajen Tsallake da suka dawo bakin tasha tun shekarun baya, yaransu ba sa ratsa ruwa, su fa? Abdulrahman ya ce su suna ciki. Mu'awiyya ya ce ashe ba rafi ba ne ke nan. Ko talauci ne? In talauci ne, uwar Zakiyyu ta fi Sada, a je a duba rumbunta.

"Ba wuri ba ne, ba talauci ba ne," in ji shi. "To mene ne, Sakatare? Ka ce a ɗaga hannu. A kan su wa?"

Na ga Alhaji Usmanu ya buɗe baki zai tare maganar, don ya hango inda ta nufa. Ni ma na hango. Amma Abdulrahman ya riga ya miƙe, jijiyar wuyansa ta fito. Mutum ne mai son a ga ya tsaya wa gaskiya, kuma makonni ke nan ana kiransa ɗan wariya a gaban shagonsa.

"Kowa a nan ya sani," ya ce. "Jikokin bayin kakanninmu. Mun ci guminsu muna raye, mun ci muna kabari, yau an ce a mayar musu da loma ɗaya kuna neman suna."

Ban taɓa jin durumin nan ya yi shiru irin na ranar ba. Har faɗuwar 'ya'yansa a kan kwanon aji ana ji. Mu'awiyya ya runtse ido. Ina jin abin da yake so shi ne Abdulrahman ya kasa amsawa ya zauna, bai taɓa zaton zai amsa ba.

Sada ya tashi a hankali. Ya gyara hularsa, ya yi wa shugaba gaisuwa cikakkiya, ya gaida malamai, ya gaida mu dattawa, bai tsallake kowa ba.

"Ranka ya daɗe, ni ban san waɗannan mutanen da Sakatare ya ambata ba. Ni ɗan garin nan ne, ubana ɗan garin nan ne. In akwai gurbin da aka ajiye musu, a nemo su a ba su. 'Yata ta zo ta biyu, kuma na biyu ba ya karɓa. A ba yaron."

Ya sa takalmansa ya tafi. Mutanen Tsallake suka tashi suka bi shi, fararen rigunansu a jere har suka gangara rafi.

Washegari da safe na tsallaka. Ruwa ya ja baya, iyakarsa gwiwa. Na tarar da Sada a ƙofar gida yana wasa adda. Muka gaisa kamar ba abin da ya faru, muka yi maganar rake da tsadar taki. Da na kawo abin da ya kawo ni, ya ajiye addar. Na ce masa kalma iska ce, an faɗa ta wuce, amma karatun yarinya abu ne da za a taɓa da hannu. Ya dube ni da tausayi, irin kallon da aka saba yi mini.

Ya ce kakansa bai taɓa zama a tabarma ɗaya da masu gari ba. Ubansa ya zauna, amma a gefe. Shi ya zauna har ana tambayar ra'ayinsa. Shekara da shekaru suna zuba wa kalmar nan ƙasa da tafin hannu, kowa ya zuba nasa ya mutu. In Radiyya ta karɓi gurbin bayan abin da aka faɗa jiya, ya sa hannu ke nan cewa haka ne, kuma za a maimaita duk bayan shekara guda, da sunan wani yaron. Babban ɗansa Safiyanu yana neman aure a Kudan, gidan mutunci, an kusa sa rana. Akwai ƙannensa a baya, akwai 'ya'yan maƙwabta. Ya ce shi ba zai sayar da su duka ya sayi takarda ɗaya ba.

Daga bayan zana Radiyya ta yi magana. Ban taɓa jin ta sa baki a zancen ubanta ba.

"Baba, ai sun sani. Ko na je ko ban je ba, sun sani. Da can ma sun sani."

"Sun sani," in ji Sada, bai juya ba. "Amma ba daga bakinmu ba."

Na ji uwarta Zulai tana jan ta zuwa ciki. Sada ya ɗauki addarsa, ya ce in gaida Kulu.

Ba ta haƙura nan da nan ba. Bayan kwana biyu ta zo ta roƙe ni in raka ta wajen Alhaji Usmanu, don ba za ta iya shiga zaurensa ita kaɗai ba. Na raka ta. Ta durƙusa daga bakin ƙofa, ta ce ita ta yarda da sunan, ko wane ne, a rubuta shi a goshinta in ana so. Ita za ta ɗauka, ba ubanta ba. Alhaji ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce wallahi yana ji mata, amma uba ya yi magana a gaban jama'a, ba shugaban da zai bi ta bayansa ya karɓi maganar 'yarsa, in ya yi haka ya ƙara wa Sada wani marin a kan na farko. Ta tambaya ko za a bar ta ta sake jarrabawa ta shiga layin baɗi. Ya ce gurbin na waɗanda suka gama a shekarar ne, haka aka gada, in an buɗe wannan ƙofar duk wanda ya taɓa faɗuwa zai dawo. Ya ba ta lemo a leda, ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya. A hanya ta miƙa mini ledar, ta ce in kai wa Kulu.

Aka ba Zakiyyu. Yaron bai yi murna a fili ba, ya tafi da sassafe ba tare da an raka shi tasha ba. Mu'awiyya ya daina zuwa majalisa. Na haɗu da shi wata rana a kasuwar Makarfi, ya ce mini har yanzu yana kan bakansa, wariya ce, amma bai san me ya sa cin gardama yake da ɗaci haka ba. Na ce ni ma ban sani ba.

Saura sulhu, don mutanen Tsallake sun daina zuwa masallacin Juma'a, suna tafiya Gazara, kuma lokacin saran rake ya matso. Malamai da dattawa suka zauna. Aka yanke cewa Abdulrahman zai ba da haƙuri a gaban jama'a, ya kawo rago. Aka kuma yi doka, liman ya karanta ta da kansa: daga yau duk wanda ya sake furta wannan kalma a kan wani ɗan gari, ko ya kawo wata magana a taro da za ta raba mutane gida biyu har ta kai ga furta ta, rago ne a kansa. Mu duka 'yan gari ne, ba na ciki ba na tsallake. Gurbi na wanda ya fi maki ne, kamar yadda aka saba.

Kowa ya ji daɗin dokar. Mu'awiyya ya ce daidai ne. Abdulrahman ya ce ya karɓa, idonsa a ƙasa. Sada ya tashi ya yi godiya, ya ce yau an mayar masa da rigarsa. Ina zaune ina lissafa ƙannen Radiyya da ke firamare, da 'ya'yan maƙwabtansu, ina neman ta inda wani zai sake tayar da zancensu ba tare da ya tanadi rago ba. Ban samu ba. Maganar gada ma da wani ya so ya kawo, aka ce ya bari sai hankali ya kwanta, kada a ce ana nuna wani gefe da yatsa.

An yanka ragon a filin firamare, matan Tsallake ne suka dafa, don sun fi iya girkin taro. Aka shimfiɗa tabarmi, aka cakuɗa zama da gangan, ɗan ciki kusa da ɗan tsallake, ana ta wasa da dariya mai ƙarfi. Radiyya tana cikin masu rabo. Ta rame, amma ta ɗaura ɗankwalinta tsaf, tana bi layi-layi da kwanuka. Ta ajiye wa Mu'awiyya, ta ajiye wa Abdulrahman, ta ajiye wa ubanta, duk da durƙuso iri ɗaya. Da ta iso kaina ta zaɓo mini tsoka mai laushi saboda haƙorana.

Na rage murya na tambaye ta yanzu me za ta yi. Ta ce Saudatu ido ya fara gagararta, tana bukatar mai riƙe mata fitila da reza. Na ce ai wannan ma aiki ne. Ta ce e, aiki ne.

Ta tsaya har na kai loma bakina.

"Baba, gishiri ya ji?"

Na ce ya ji. Ta ɗauki tirenta ta wuce wajen na gaba.